Yaya Almu da Hoton Inna a Bakin Ƙofa

Da damunar bana Yaya Almu ya cika shekara biyar da rasuwa. Almustapha ne sunansa na yanka, amma daga Zugu har Anka ba wanda zai gane wa ake nufi sai an ce Almu mai kyamara. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu akwai mutum huɗu da shekaru masu yawa. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ban musa ba. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa a wannan fili, sai in ɗauki biro in ajiye, don abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi ba irin abin da ake yabon mamaci da shi ba ne. Bai gina masallaci ba, bai bar gonaki ba. Ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe yana koyon wani salon ɗaukar hoto, don ya samu hoto ɗaya tak na Innarmu tana kallonsa, kuma har ya koma ga Allah bai samu ba.

Yaran yanzu za su ce, to mene ne abin wahala a nan? Ka ce wa mahaifiyarka ta dube ka, ka latsa, shi ke nan. Sai dai Inna mutumiyar da ce, ga jinin Fulani ta wajen uwa, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Ban taɓa jin sunan Almu a bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku", da ya kama aiki kuma ya koma "mutumin Anka". Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga Gwaggo a Bukkuyum, can ya yi karatu, can ya girma. In ya zo gida ya durƙusa gaishe ta, takan amsa ne a taƙaice, idonta a kan ƙwaryar da ke gabanta ko a bango. Ni kuwa har na yi aure ina kwanciya a cinyarta, tana ja mini kunne tana kirana mai bakin tsiya. Ba wanda ya ga aibin haka a gidanmu, don haka kowa ya tashi ya tarar. Ban taɓa zaton abin yana damun Yaya ba, tunda mutum ne mai barkwanci, in yana wuri ba ka jin muryar kowa sai tasa.

Kyamara ta shigo hannunsa ne ta ƙofar baƙin ciki. A shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗauke yara a ƙauyukan yankinmu, saboda dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, Yaya ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a Anka. Da masu aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa suka zo, sai aka haɗa shi da su yana yi musu tafinta, don ya san kowane lungu, dattawa kuma suna jin maganarsa. Aikin shi ne a shiga gida a kankare ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, a kwashe, a zubo sabuwa. Ana son hoton kowane gida kafin a fara da bayan an gama, sai wani ya rataya masa kyamara a wuya ya ce wannan ma aikinka ne. A Tungar Guru ya fara. Hotunan tsakar gida suna fita lafiya lau, amma da ya shiga ɗaki sai abu ya lalace. In ya saita kyamarar ta ga cikin ɗaki, sai ƙofa ta koma fari fat, ba a ganin komai a waje. In ya saita ta ta ga waje, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ɗakin ya yi baƙi ƙirin kamar cikin tukunya. Ya ce mini har ya fara zargin kyamarar ce ta samu matsala.

Wanda ya nuna masa mafita shi ne Malam Bitrus, mutumin Filato, mai aikin gwajin jini a Anka, wanda ya daɗe yana ɗaukar hoto don sha'awa. Kirista ne, amma sun shaƙu da Yaya har kwano ɗaya suke ci. Shi ya ce masa idon mutum yana ganin duhu da haske a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta tauna taura biyu, sai dai a yi mata dabara. A kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku yadda ba za ta motsa ba, a ɗauki abu ɗaya sau uku. Na farko a rage haske don waje ya fito, na biyu a tsaka-tsaki, na uku a ƙara haske sosai don lungunan ɗaki su bayyana. Daga nan a zuba su a kwamfuta, wata manhaja ta tsinci mai kyau daga kowanne, ta haɗa su su zama hoto ɗaya. Masu sana'ar suna kiran wannan HDR. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ya zame mana ƙarfen ƙafa: daga latsawar farko zuwa ta uku, kada wani abu ya motsa a gaban kyamara.

Da aikin kwashe ƙasa ya ƙare aka karɓi kyamarar mutane, Yaya ya je ya sayo tasa, ta hannu, da wata tsohuwar kwamfuta da ke nishi in an kunna ta. Kyamarar tsohon yayi ce, ba ta ɗaukar ukun da kanta. Bayan kowace latsawa sai ya sunkuya ya murɗa wani ɗan kewayayyen maɓalli a samanta, ya ƙura wa wasu ƙananan lambobi ido, sannan ya ɗago ya sake latsawa. Duk ƙarshen mako yakan ɗaure sandar nan a bayan babur ya taho Zugu, ni ma in taso daga Gummi inda nake koyarwa, mu haɗu a gida. Da farko mutanen gari sun ɗauka gwamnati ce ta turo shi awon hanya, har wani dattijo ya roƙe shi kada titin ya biyo ta kan gonarsa.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, hotunansa na farko abin tsoro ne. Ɗan koyo in ya samu sabon maɓalli, sai ya murɗa shi har ƙarshe. Sararin sama yakan fito kamar ruwan baba a karofi, bangon laka ya yi ja kamar an shafa masa manja, rumbu kuma a kewaye shi da wani farin haske sai ka ce waliyyi. Akuyar da ta gilma tsakanin latsawa da latsawa ta fito da kai biyu. Kazar Inna kuwa ana hango turmi ta cikin jikinta. Irin waɗannan yake kira fatalwa. Nakan yi dariya har in riƙe ciki, in ce Yaya, kai da aka sani da ba yara magani, me ya kai ka kiwon aljanu? Sai ya ce in bar shi, da koyo akan iya. A hankali kuwa ya fara gane cewa aikin ba na ƙarawa ba ne, na ragewa ne, kuma hoton da ya yi kyau shi ne wanda mai kallo ba zai san an taɓa shi ba. Ya koyi jiran iska ta kwanta. Ya koyi cewa hantsi ya fi masa sauƙi a kan tsakar rana.

Don ya saba hannu, sai ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon a bar shi ya ɗauki ɗakuna. Matan Zugu suka karɓi abin hannu bibbiyu. Kowacce takan goge kwanonin jerenta, ta gyara shimfiɗar gado, ta ɗage labule, sannan ta fice ta koma gefe tana leƙe, don ya gaya musu mutum yana ɓata aikin in ya motsa. Ɗakin da ba kowa ba ya motsi, saboda haka waɗannan hotunan sun fi duk sauran fita. Za ka ga randa da moɗa a lungu, ka ga zanen gado, ka kuma hango rumbu da garken awaki ta ƙofa, yadda idon mai ɗakin yake gani kullum in ta tashi da safe.

Duk wannan share fage ne. Inda ya nufa shi ne ɗakin Inna.

Inna tana da wurin zama ɗaya tun ina yarinya: 'yar kujerarta daga ciki, dab da bakin ƙofa, bayanta ga tsakar gida, fuskarta ga ɗaki, don hasken ya sauka a kan abin da take tsinta ba a idonta ba. Wanda ya tsaya a cikin ɗakin zai ga ita, ya ga rumbunmu da bishiyar dogon yaro a bayanta. Wannan shi ne ainihin irin wurin da kyamara ke kasawa, fuska a duhu, baya a rana. Yaya ya kafa sandarsa a gindin gado. Ni aka ba ni aikin tsayawa daga waje, a jikin bango yadda ba zan shiga hoto ba, in riƙe labule kada iska ta kaɗa shi, in kuma kori kaji da ƙafa. Inna ba ta taɓa cewa a'a ba, wannan dole in faɗa. Takan sauya ɗankwali ma in ta ji ƙarar babur ɗinsa. Amma da ya gama saiti ya ce, "Inna, ɗan dubo wajen ga," sai ka ji muryarta ta fito ta ƙofa ta same ni.

"Auta, ce ma yayanku shi yi maza. Waken ga ba shi tsintar kainai."

Yana tsaye a gabanta, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma saƙon sai ya fita waje ya biyo ta kaina sannan ya koma ciki. Nakan ce, Yaya, ka ji. Ya ce ya ji. Ya latsa, ya sunkuya ya murɗa, ya ɗago ya latsa, ya sake. In mun koma zaure ya haɗa su a kwamfuta, komai yakan fito tsaf, rumbu da bishiya da ƙwaryar wake da hannuwanta, sai fuskar. A na farko tana kallon ƙasa, a na biyu ta juya ga bango, a na uku, wanda ya fi daɗewa yana shan haske, ta shafe gaba ɗaya. In aka haɗa sai a samu mace mai fuska uku, ba kuwa wadda ke kallonka a ciki. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to mu wace za mu tambaya? Yakan daɗe yana kallon allon, sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce laifin iska ne, ko ya ce sandar ce ta gurgunce.

Malam Bitrus ya taɓa biyo shi Zugu ya ga yadda ake yi. Ya ce ai wannan ba ya buƙatar hoto uku, a kunna fitilar kyamara ta haska fuskar Mama, a ɗauka sau ɗaya, an gama. Aka gwada. Hoto ya fito garau, kunnen Inna da kumatunta da ƙullin ɗankwalinta, duk ba laifi. Ranar na gane cewa matsalar ba ta haske ba ce. Na kuma lura Yaya bai sake kunna fitilar nan ba, ya koma wa hanyarsa mai tsawo. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na ɗan koyo da ya ƙwallafa rai a kan abu ɗaya. Yanzu da na ƙara shekaru, ina ganin wani abu ne daban. Ɗan fari ba shi da hujjar zama a ɗakin uwarsa, gaisuwa ce ya yi ya tashi. Kafa sanda da gyara ta da murɗe-murɗen nan su ne suka ba shi dalilin daɗewa a gabanta ba tare da kowa ya ce ya yi rashin ta ido ba.

Wata rana na gaji na ce masa ya kawo in latsa, shi ya riƙe labule. Ya saita mini komai, ya nuna mini inda zan murɗa da yadda zan ɗauke numfashi kada in girgiza sandar, ya fita. Ina tsayawa a bayan kyamara Inna ta ɗago ta dube ni tsakiyar ido, ta ce wai yau kuma ni ce bature. Na ce ta yi shiru kada ta motsa. Ta tsaya cak, murmushi a bakinta, har na gama ukun. Da aka haɗa, duk abin da Malam Bitrus ya faɗa ya tabbata. Ga tsagar fuskarta, ga hasken idonta, ga rumbu da dogon yaro a baya, ba inda ya ƙone ba inda ya nutse. Na yi ta tsalle ina cewa mun ci nasara. Yaya ya kai aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi, ya kawo mini har Gummi. Na ce ai nasa ne, shi ya sha wahalarsa, ya kai ɗakinsa ya rataya. Sai ya ce, "Hoton ya yi, Auta, ba ƙarya. Amma naki na. Ke taka kallo."

Daga nan ya shiga tsokanar yarana. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Mutum ne da ya ba arba'in baya, da matarsa da 'ya'yansa, ya tsaya a falona yana gaya mini abin da yake nema tun yana yaro a gidan Gwaggo. Me zan yi masa? In je in ce wa Inna ta bar abin da ta ɗauka shi ne mutuncinta? Na taɓa gwadawa da wasa, ta ce in kiyaye ta. Hali zanen dutse ne, kuma a ganinta ba wani abu take hana shi ba, girmama shi take yi. Na bar maganar, na ci gaba da riƙe labule duk lokacin da ya ce in riƙe.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba mu lokaci ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a Anka ana tsakiyar damina, muka ɗauka irin wanda aka saba ne. Malam Bitrus ne ya kira ni ya ce mu taho. Na biya Zugu na ɗauki Inna, muka hau babura, hanya duk taɓo. Da muka isa ya riga ya daina gane mutane. Inna ta leƙa daga bakin ƙofa ta yi masa addu'a, ta koma baranda ta zauna da carbinta. A nan labari ya same ta. Ta ce Allah shi jiƙan shi, ta gyara mayafi. Kwanakin zaman makoki mata suna ta yaba dauriyarta, ana cewa ga uwa ta gari, ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, haushinta nake ji, kuma na daɗe ina jin sa ba tare da na furta ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya leƙo ya ga yau. Hanyar da yake bi da sanda ɗaure a bayan babur, yana tsayawa yana gaisawa da manoma, yanzu ba mai binta sai da addu'a a baki, kuma sai an tambayi wanda ya fito kafin a shiga. Hare-haren 'yan bindiga sun sa gidaje da yawa a Zugu sun watse, wasu Bukkuyum, wasu nan Gummi. Mu ma mun ɗauko Inna ba da son ranta ba. Tana ɗakin siminti a gidana, mai taga biyu da fitilar lantarki, ɗakin da kowace kyamara za ta ɗauka ba wahala. Wanda ya je kwanan baya ya ce mana rufin ɗakinta na Zugu ya rufta, rumbun ma ya zube. Ina jin da Yaya ya ji haka, zai dai tambaya ko dogon yaron yana nan.

Abin da na tabbata zai ba shi dariya shi ne waya. Wadda ke hannuna yanzu tana da haruffan nan uku, HDR, a saman allo. Ba sanda, ba kwamfuta, ba riƙe labule. Kana taɓawa ta ɗauki ukun ta haɗa kafin ka ƙifta ido, 'yata ƙarama ma tana yi ba ta san me take yi ba. Abin da ya ci masa shekaru yana koyo, kuma bai gama ƙwarewa ba, ya zama abin da ake bayarwa kyauta. Zai ce an yi masa fashi da rana tsaka. Na taɓa zama ina tunanin da wannan wayar ta zo da wuri, wataƙila da ta riga Inna sauri. Sai na tuna ranar da aka kunna fitilar kyamara. Da ta ba shi kumatu da ƙullin ɗankwali, masu kyau fiye da na da, ba abin da zai ƙaru.

Kwamfutarsa tana wurina, har yanzu tana nishinta. Matan Zugu da ke zaune a Gummi sun ji labari, sai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce a nuna mata ɗakinta. Hotunan nan da ya ɗauka don sabon hannu kawai, su ne yau abin da ya rage wa wasunsu na gidajensu. Takan zauna a gaban allo ta yi ta nunawa da yatsa, ga langar da aka kawo ni da ita, ga inda nake ajiye fitila, ga rumbun maigidan can ta ƙofa. Wata ta yi dariya, wata ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wadda ta taɓa cewa sararin saman ya cika shuɗi.

A makon da ya cika shekara biyar ɗin nan, bayan wasu baƙi irin waɗannan sun tafi da la'asar, na manta ban rufe kwamfutar ba. Na dawo daga rakiya na tarar da Inna ta jawo kujera gabanta. Hotunan suna wucewa da kansu, har suka iso kan nata, waɗanda ba ta taɓa neman gani ba. Ta matsa kusa ta ƙanƙance ido.

"Wagga wace ce mai huska ukku?"

Ban san lokacin da abin da na daɗe ina dannewa ya fito ba. Na ce ke ce, Inna. Na ce mutumin nan ya yi ta zarya daga Anka a kan babur, rana da ruwa, ba don rumbu ba, ba don bishiya ba. Da kin dube shi sau ɗaya, me zai ragu a jikinki? Tunda nake ban taɓa yi mata magana da irin wannan murya ba. Na jira zagi, bai zo ba. Idonta na kan allon ta yi magana a hankali, kamar ba da ni take ba.

"Ke dai yarinya ta. In yad duƙa shina murɗa abin nan nashi, mi kika tsammani nika kallo? Ƙwaryar wake?" Ta ɗaga hannu ta taɓa bayan kunnenta na hagu. "Nan hurhura ta hwara hito mai. Ku kun sani? In ya ɗago, in kauda kai. Haka anka hore mu."

Ban sani ba. Matarsa ma da na tambaye ta daga baya, sai da ta yi tunani kafin ta ce haka ne. Ni ina bayan bango da labule a hannu, ban taɓa ganin fuskarta a waɗannan lokutan ba. Shi kuma kansa yana sunkuye a kan lambobi. Ashe tsakanin latsawa da latsawa, a daidai lokacin da kyamarar ba ta ɗaukar komai, Inna tana ƙare wa ɗanta kallo. Ta tashi ta ɗauki buta ta fita, ko a ranar ba ta ambaci sunansa ba.

To, me ya rage na Yaya Almu? Bai zama gwani ba, ɗan koyo ya mutu, kuma shi da kansa zai fara faɗin haka. Akwai ɗakunan Zugu da ke tsaye a cikin tsohuwar kwamfuta bayan na gaskiyar sun zube. Akwai yaran da ya ba magani, sun girma ba su san sunansa ba. Akwai 'ya'yansa, babban ya fara tsawo irin nasa. Sai kuma wannan labari da na samu a makare, ihu bayan hari. Na yi ta juya shi a raina ina neman inda zan kai shi. Na gaya wa Malam Bitrus a waya. Na gaya wa 'yan'uwana, kowa ya share ido. Ga shi yau na gaya muku. Amma mutum ɗaya ne a duniya yake buƙatar jin sa, kuma ba hanyar da zan bi in isar masa.

Wanda ya karanta wannan, ya taya mu roƙa masa gafara da rahama, Allah ya haskaka makwancinsa. Ni addu'ar da na ƙara a kan wannan ita ce, in Allah ya haɗa su a inda ba a jin kunyar kowa, ya sa Yaya ya ɗago kai tun ba ta kauda nata ba.